Fasali a kan Ɗabi'un Mazauna Majalisa

Duk wanda Allah ya nufa da hawa benen 'yan kallo a Majalisar Tarayya da ke Abuja, ko a jan zaure na dattawa 109, ko a koren zaure na wakilai 360, ran Talata ko Laraba ko Alhamis, in ya yi haƙuri har aka shigo da sandar majalisa, aka yi addu'a, aka amince da rubutaccen bayanin zaman da ya gabata wanda da wuya a sami wanda ya karanta shi, to, zai gane cewa abin da ya ɗauka jama'a ɗaya ce ashe ɗabaƙoƙi ne daban-daban, kowace da mazhabarta game da abin da Allah ya halicci murya dominsa.

Mafi yawansu, kuma mafi kwanciyar rai, shi ne mai goyon baya. Wannan bawan Allah ba ya jan baƙi, ba ya fassara. Sai wani ya gama gabatar da ƙuduri sa'an nan ya miƙe, ya gyara zaman hula, ya faɗi sunansa da na mazaɓarsa da na jiharsa dalla-dalla, don kada mutanen gida su ce ba su taɓa jin ɗuriyarsa ba, ya ce ya goyi baya, ya koma ya zauna yana share gumi kamar wanda ya tashi daga huɗa. Da wannan amin ɗin yake cinye shekara huɗu, ba wanda ya taɓa kama shi da kuskure.

Kishiyarsa shi ne ma'abocin balaga. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce da Ingilishi za a yi aikin majalisa, da Hausa da Ibo da Yarbanci kuma idan an yi tanadin da ya kamata. Tanadin nan kuwa har yau yana bisa hanya, saboda haka ma'abocin balaga ya sami fili, yana zuba Turanci mai ƙashi wanda ko a Ingila sai an jawo ƙamus. Yakan fara da gaida shugaba, ya gaida manyan zaure ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta'aziyya, ya yi barka, har lokacin da aka yanka masa ya ƙare alhali yana cikin muƙaddima, kamar mai wa'azin da aka tayar da iƙama bai gama hamdala ba. Daga nan sai roƙo, a bar shi ya "sauka", kamar yadda suke faɗa, kai ka ce jirgin alhazai ne.

Akwai kuma faƙihin ƙa'ida, wanda ni kam ina ganin girmansa, ko da yake ba na fatan maƙwabtaka da shi. Littafin dokokin zaure na hammatarsa kullum, ya haddace lambobinsa kamar yadda almajiri ke haddace Ahalari, kuma ba ruwansa da ko ƙudurin na gina asibiti ne ko na rushe shi. Abin da ya dame shi kaɗai shi ne ko alwalar ƙudurin ta inganta. Ana tsakiyar muhawara sai ya ɗaga hannu ya kawo lamba kaza, sakin layi kaza, a yi rabin sa'a ana ja-in-ja, shugaba ya buga guduma ya ce ba ya bisa ƙa'ida, shi kuwa ya zauna da fara'a, don bukatarsa ta riga ta biya.

Masbuƙi ba ya bukatar dogon sharhi. Nisabin zama sulusin 'yan majalisa ne, kwanakin zama kuma tsarin mulki ya ce kada su gaza 181 a shekara, shi kuwa ya yi ijtihadi ya gano cewa sa hannu a rajista farilla ce, zama nafila. Ɗan'uwansa mai i'itikafi ya fi shi riƙon amana, gama shi yana nan a kujerarsa tun safe, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido yana zurfafa tunani a kan matsalolin ƙasa, har wani lokaci a ji tunanin yana fita ta hanci.

Mai sauya sheƙa kuwa, tun da sashe na 68 ya ce kujerarsa ta faɗi in ya bar jam'iyyar da ta kawo shi, sai fa in ɓaraka ce ta auku a cikinta, Allah ya hore masa idon da ke hango ɓaraka daga nesa, idon nan da bai taɓa ganin ramin hanyar garinsu ba. A karanta wasiƙarsa, a rungume shi, ya tsallaka sahun masu rinjaye. Na ƙarfin tuwo ma suna da ranarsu: a Nuwamban 2014, da 'yan sanda suka rufe ƙofa, an ga manya masu tumbi sun tattare babbar riga sun haura, a Afrilun 2018 kuwa wasu 'yan ta-kife suka kutsa zauren dattawa suka sure sandar, aka tsince ta washegari a ƙarƙashin wata gada.

Amma dukan waɗannan rassa ne; asali shi ne mai guduma, domin yawancin hukunci a zauren nan ba a ƙidaya shi, sauraronsa ake yi. Ya ce masu cewa i su ce i, masu cewa a'a su ce a'a, sa'an nan kunnensa ya yi alƙalanci, kunnen da hikimarsa ta kai ya ji raɗar mutum goma ta rinjayi tsawar mutum ɗari. Da murya dattawa suka binne tazarcen Obasanjo a Mayun 2006, Ken Nnamani na riƙe da guduma, jama'a suka sa wa kunne albarka. Da murya kuma aka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas a Maris ɗin 2025, alhali sulusi biyu na dukan 'yan majalisa ake bukata, wato kunne ya koyi hisabi har yana fitar da sulusi da sudusi kamar malamin rabon gado. Dokar zaure ta yarda mai shakka ya nemi a rabu a ƙidaya, sai dai mai neman haka yakan tarar guduma ta riga shi sauka.

Ƙarar gudumar nan ce ke tayar da mai i'itikafi. Ran da na hau benen, na ga ya zabura, ya kwarma i da ƙarfinsa duka bayan kowa ya yi shiru, sa'an nan ya karkata ya tambayi na kusa da shi abin da aka zartar. Aka ce masa ɗage zama ne zuwa Talata. Ya ce alhamdu lillahi, dama ra'ayinsa ke nan tun safe, ya laluba takalmansa a ƙarƙashin kujera.