Ranar Da Na Daidaita Albashin Kowa

Baba mai gadi ne ya jawo min, ko da yake har gobe bai sani ba. An yi masa ƙarin albashi tun kafin azumi, takarda ta fito, amma rumbun bayanan kamfaninmu bai shaida ba. Kullum na shigo sai ya tare ni a ƙofa: "Malam na kwamfuta, maganar nan fa?" Wata Juma'a, ƙarfe ɗaya saura kwata, na riga na yi alwala, na ce bari in sallami Baba kafin in wuce masallaci. Ai aikin minti ɗaya ne.

Rumbun namu PostgreSQL ne, shekarata shida ina kiwonsa. Na buɗe psql, na rubuta UPDATE, na sa sabon adadin, na rufe umarnin, na danna. Abin da ya kamata ya biyo bayan adadin shi ne WHERE, kalmar da ke gaya wa rumbun cewa mutum ɗaya ake nufi, mai lamba kaza. Tana nan a zuciyata daram, ba ta dai sauko yatsuna ba.

Sai ya amsa: UPDATE 412.

Baba mutum ɗaya ne. Ma'aikatanmu kuwa, daga Manajan Darakta har masinja, 412 ne cif. Adalcin da 'yan ƙwadago suka daɗe suna nema, ni na zartar da shi cikin ƙiftawar ido: kowa ya koma albashin mai gadi.

Hannu na rawa na rubuta ROLLBACK. Rumbun ya gaya min cikin ladabi cewa babu wata ma'amala a buɗe da zai warware. Haka psql yake: in ba ka fara da BEGIN ba, duk abin da ka faɗa ya zauna nan take. Ni ne nake koya wa 'yan bautar ƙasa wannan darasi duk shekara, har da ɗaga yatsa.

Na ce ba komai, akwai kwafin ajiya. Kowane dare ƙarfe biyu pg_dump yana juye rumbun, a matse shi da gzip. Na leƙa, ga su nan a jere gwanin sha'awa, kowace rana da nata. Sai na dubi girmansu. Kowanne bayit 20. Wato buhu ne aka ɗinke bakinsa babu ko ƙwayar gero a ciki. Wata huɗu da suka wuce na ɗaga rumbun zuwa siga ta 14, na bar tsohon pg_dump na 12, shi kuwa ba ya yarda ya juye rumbun da ya fi shi sabunta. Kullum dare yana ƙorafi, babu mai sauraronsa.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai shi ne tuna cewa manya ma sun sha wannan ruwa. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge kusan gigabayit 300 na rumbunsu, suka tarar nasu pg_dump ɗin na 9.2 ne alhali rumbun na 9.6 ne, suka yi asarar aikin kimanin awa shida. Su sun nuna gyaran kai tsaye a YouTube. Ni ƙofa na kulle.

Dabara ɗaya ta rage. PostgreSQL ba ya goge tsohon layi idan aka sauya shi, yana barin gawarsa a faifai har sai mai shara, autovacuum, ya zo ya kwashe. Da ma yakan zagayo duk minti ɗaya. Amma makon da ya gabata, cikin zumuɗin ƙara wa rumbun gudu, na mai da shi duk daƙiƙa 15, har na rubuta rahoto ina yabon kaina. Ban taɓa ganin ma'aikaci mai himma irinsa ba. Ya share tas.

Ƙarfe uku Manajan Darakta ya kira, muryarsa har da fara'a. Ya ga jimillar albashin wata ta faɗi warwas.

"Wannan ne gyaran da kake ta ba ni labari? Madalla!"

"Ranka ya daɗe, a ɗan gangara ƙasa zuwa sunanka."

Shirun da ya biyo baya ya fi huɗubar da na rasa tsawo.

Hajiyar ofishin akanta ce ta cece ni, wadda na shekara ina zolaya saboda buga takardar albashi da take yi kowane wata tana cusawa a kabad. Ta dire fayil ɗin watan jiya a gabana. "Ungo, ɗan nan. Ka ce zamanin takarda ya wuce." Tana karantawa ina shigarwa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da BEGIN ɗinsa da WHERE ɗinsa, har bayan Isha'i. Albashin kowa ya koma daidai yadda yake a watan jiya, ko kwabo bai canja ba.

Ran Litinin ina shigowa Baba ya miƙe daga bencinsa.

"Malam na kwamfuta, maganar nan fa?"