Masu Tsuke Bakin Aljihu, Daga Gyadi-Gyadi Zuwa Tarauni

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bai gaya mana irin murɗawar da kowa yake yi ba idan nasa ya motsa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a jawabinsa na kama aiki, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake 1,000. Shinkafa ta bi fetur, gas ya bi shinkafa, kuɗin makaranta ya ce shi ma da shi za a tafi. Duk mazaunin Gyadi-Gyadi ko Tarauni a Kano ya san abin da ya biyo baya: kowa ya ci bashi, kowa kuma ya rantse zai tsuke bakin aljihu ya biya. Sai dai kowa da inda yake ɗora wuƙar, kuma da wuya ka ga wanda ya ɗora ta a naman jikinsa.

A fara da mai biro, don shi ne mai ilimin cikinsu. Yawanci ma'aikacin gwamnati ne, albashinsa ya ɗan ɗara mafi ƙarancin nan na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi a ƙarshen 2024. Daren da alat ya shigo sai ya aiki yaro ya sayo sabon littafi, wanda shi ne kashe kuɗi na farko da ba ya cikin lissafi. Ya ɗauko rula ya ja layi: cefane, kuɗin mota, makaranta, wuta, ruwa, biyan bashi, sai can ƙasa da ƙananan haruffa ya rubuta "sauransu". Idan ya haɗa jimla ya ga ta fi albashin, ba ya rage ci, lambobin yake ragewa. Ya soke abin da ya rubuta wa cefane ya mayar da shi rabi, ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi an samu rara. Kafin goma ga wata "sauransu" ta haɗiye kowa: ga suna a Darmanawa, ga ta'aziyya a Wudil, ga facin taya, ga maganin zazzaɓi. Idan mai bin sa bashi ya zo, ba ya musu, ba ya ɓoyewa. Littafin yake ɗaukowa ya buɗe masa. "Malam, dubi nan. Ga sunanka, har layi biyu na ja masa." Mai kuɗi ya tafi da layi biyu. Ranar ashirin ga wata ƙaramin yaron gidan yana aikin makaranta a bayan shafin.

Maƙwabcinsa kuma sarkin kashe fitila ne. Tun da aka ƙara wa 'yan rukunin "Band A" kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, ya ɗauki mita a matsayin abokiyar gaba, ko da yake layinsu bai taɓa jin ƙamshin wutar awa ashirin ba. Ya fi kowa sanin wurin makunnai a gidan. Ka shiga banɗaki, kafin ka zauna ya kashe. An ɓoye dutsen guga a ƙarƙashin gadonsa. Firji yana aiki ne da izini, awa biyu da rana. Da aka yi duhun nan na Oktoban 2024, lokacin da Kano da yawancin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wuta, masu ƙanƙara da masu walda suna kuka, shi kaɗai aka ga yana ƙiba.

Akwai wanda shi kuma sai dai ya saya a tushe. Ya ji a majalisa cewa kwanon masara ya fi araha a Dawanau, sai ya ce shi ba za a ci kuɗinsa a kasuwar Tarauni ba. Daga nan zuwa Dawanau, can hanyar Katsina, sai ka ratsa Kano daga wannan gefe zuwa wancan: adaidaita sahu biyu zuwa, biyu dawowa, ga ɗan dako, ga ruwan leda, ga gurasar da ya ci da rana ta yi. Ya dawo da la'asar, fuska duk ƙura, da kwano uku a buhu. Kada ka kuskura ka yi masa lissafi. Ya riga ya shirya gobe 'Yankaba zai je sayen tumatir, jibi Singa sayen sabulu sinƙi ɗaya.

Wanda na fi jin daɗin kallo shi ne mai taswira. Wannan ya daina hawa adaidaita, ya ce likita ne ya ba shi shawarar tafiyar ƙafa. Da ma dai ya miƙe titin Zariya ta Dangi ya wuce sakatariyar Audu Bako, da mun ce motsa jiki ne. Amma duba hanyar da yake bi. Ba ya bi ta bakin layi, don mai shago yana nan. Ba ya bi ta gaban masallacin unguwa bayan an idar da salla, don tela yana tsayawa gaisawa. Court Road ta haramta gare shi tun da ya karɓi taya a wajen wani bakanike. Ta bayan makaranta kuma akwai mai gawayi. Saura lungu ɗaya tak, mai kwata a tsakiya, shi ne yake fitar da shi titi bayan ya yi zagaye kusan na rabin sa'a. Ya san lokacin da kowane mai bin sa yake tafiya salla, ya san ranar da kowanne yake zuwa kasuwa saro kaya. Da hukumar tsara birane za ta ɗauke shi aiki, da an huta da cunkoso. Idan ƙaddara ta haɗa su ido da ido, sai ya riga ka magana: "Kai, Alhaji! Wallahi yanzu nake cewa bari in neme ka." Ya tambayi iyali, ya tambayi jikin Baba, ya yi maka jajen ruwan da ya ci katangarku bara, har sai kai da kake bin sa ka ji nauyin tayar da maganar. Takalmi kuwa ya canza biyu a shekara, kuma duka bashi.

Shi aƙalla yana da kunya. Ɗan'uwansa mai fushi ba shi da ita. Ka tambayi kuɗinka, ka zama mai laifi. "Don kawai kana bi na 'yan canjin nan? Guduwa zan yi? Ai ka san gidanmu." E, ka san gidan. Ka ga kuma sabuwar shaddar da ya saka ranar Juma'a.

Sai maigida mai wa'azin tattali. Shi ne ya tara iyali ya yi musu bayanin halin da ƙasa take ciki, ya ambaci dala, ya ambaci Bankin Duniya, ya rufe da cewa daga yau ɗaya-sifili-ɗaya za a riƙa yi: a karya, a tsallake rana, a ci dare. Nama sai Juma'a, ita ma Juma'ar sai an ga wata. Wani ma har yakan farfaɗo da azumin Litinin da Alhamis a gidan, abin da bai taɓa tunawa da shi ba lokacin da buhun shinkafa yake da sauƙi; Allah dai ya karɓa, amma kunu da ƙosai da kankanar buɗa-baki sukan cinye abin da aka tara. Bayan isha'i sai ya ce bari ya leƙa majalisa. Majalisar teburin mai shayi ce: indomi biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri, a rubuta. In wata ya yi kyau a biya ta wajen mai balangu. Kafin ya shiga gida ya goge baki da gefen hula, ya ɓalla goro ya tauna, ya yi sallama da muryar wanda ya wuni da yunwa. Uwargida ta miƙo masa tuwo, ya ce, "Bar wa yara, ni na saba haƙuri." Ita kuwa tun daga zaure ta jiyo ƙamshin ƙuli da yaji.

Mai zumuncin azahar ba ya buƙatar dogon bayani. Kwatsam ya tuna yana da gwaggo a Hotoro, da kawu a Unguwa Uku, da abokin firamare a Daurawa, kuma duk cikinsu ba ya samun sukunin ziyara sai ƙarfe biyu saura. Ba ya rasa ɗaurin aure. Ko ango bai san shi ba, mai rabon abinci ya san shi.

A ɓangaren mata, Hajiya mai adashi uku ita ce gwana. Tana zubi a na unguwa kullum, tana zubi a na wajen aiki duk wata, tana kuma cikin na dangi da ake yi a WhatsApp. Kwasar wannan ita ce zubin wancan, kwasar wancan ta biya mai atamfa, abin da ya rage ya koma na farko. Kuɗin suna ta zagayawa kamar ruwan wanki da ake juyawa daga baho zuwa baho, kullum suna raguwa, ba a ga abin da suka wanke ba. Ta rage madarar yara, ta koma sabulun wanki na yanka, ta sallami mai aiki. Amma anko bai shiga lissafin abin ragewa ba, don ba za a ce an fitar da na bikin 'yar ƙawarta ita ta je da tsohon leshi ba. In ka ce mata Hajiya ai wannan ma bashi ne, sai ta ce a'a, biya kaɗan-kaɗan ne. Uwar adashi ta san ranar da wayarta take lalacewa: ranar zubi.

Shi kuma matashin zamani ba ya cin bashin mutum, don mutum yana da baki. A waya yake ci. Manhaja ta ba shi dubu goma cikin minti biyar, da kuɗin ruwan da malamai suka gaji da faɗar hukuncinsa, sai ya ci na manhaja ta biyu ya biya ta farko, na uku ya biya ta biyu. Bai lura ba lokacin da ya danna "na yarda" ya miƙa musu lambobin duk mutanen da suke wayarsa. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya take bin irin waɗannan kamfanoni saboda tozarta mutane, amma kafin hukuma ta iso, saƙo ya riga ya isa wayar mahaifin yarinyar da yake nema. Ya daina karin kumallo, ya daina aski, ya koma wanka da rabin bokiti tun da 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka. Data ce kawai ba ta taɓuwa, ko da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Ai da ita zai nemo manhaja ta huɗu.

Duk waɗannan ana iya yi musu dariya. Wadda ba na iya yi wa ita ce matar da take riƙe da tukunya. Ba ta da biro, ba ta san sunan ministan kuɗi ba, amma ita ce take kasafin gaskiya. A ajiye mata abin da bai kai cefanen mutum uku ba, ta ciyar da tara. Ta raba dunƙulen magi biyu, rabi rana rabi dare, ta ƙara daddawa. Ta sayi ƙullin manja da ƙullin gishiri. Gas ya gagara ta sauko kurfoti, gawayi ya yi tsada ta iya kashe garwashi da ruwa ta shanya don gobe. Ta san adadin waken da za a zuba a garau-garau ya zaunar da ciki har dare. A farkon 2024, lokacin da mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa, gidaje da yawa sun koma afafata, tsakin shinkafar da a da masu kiwon kifi suke saye. Ita ce ta zauna ta tsince shi, ta wanke, ta dafa shi har yara suka nemi ƙari. Tana soya awara a zaure, tana ƙulla zoɓo. Kuma ranar da mai bin bashi ya zo da shaida ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga murya, ɗan kunnen aurenta ne yake fita ta hannun dillaliya. Da dare maigida ya ba majalisa labarin yadda ya yi dabara ya biya.

Farashin hatsi ya ɗan sassauto a 2025, amma littafin mai shago bai rage kauri ba. Shi ma nasa nau'in ne. A saman kantarsa ya manna takarda, "Ba bashi yau, sai gobe", a ƙarƙashin kantar kuma ga littafin da ya fi na rajistar makaranta sunaye. Idan ka tsokane shi sai ya tuna maka cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka shi umarni yake bi. Ba ya rasa jana'iza a unguwa, kuma idan aka yi sanarwar nan ta cewa duk mai bin mamaci bashi ya samu magada, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana motsa baki. Wasu sun ce addu'a ce, wasu sun ce jimla yake haɗawa. Yana da tsarin hukunci: wanda ya yi wata biyu a daina ba shi madara, wanda ya yi uku a bar shi da gishiri da ashana. Ba ya kora gaba ɗaya, don wanda ka kora ya tafi da kuɗinka shagon gaba.

Ka zauna a bencinsa da safe ka ga abin mamaki. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya ga lambar dilan da yake ba shi kaya a Singa. Nan take mutumin da ya gama yi wa mai taswira tsiya ya miƙa wa yaron shago wayar, ya faɗa bayan buhunan sukari.

"Ka ce masa na tafi ta'aziyya Wudil."

"Baba, jiya ma haka na ce masa."

"To ka ce sadakar uku ce."