Hali ko Yanayi? Zagaye a Kasuwar Kilomita Biyar

Sifaniyanci, harshen Paparoma Francis wanda ya shiga babban masallacin unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi ranar 30 ga Nuwamba 2015, yana da kalmomi biyu na faɗin yadda mutum yake. Ser ta hali ce, zanen dutse. Estar ta yanayi ce, hadarin da zai zubar ya wuce. Harshen Sango da ake ciniki da shi a Bangi ya haɗa su duka cikin yeke, shi ya sa wasu 'yan kasuwarmu suka samu mafaka.

Akwai Baƙon Dindindin. Daga Garwa ya zo da buhun goro, wai kwana bakwai zai yi. Yanzu jikokinsa sun fi shi jin Sango, amma in ka tambaye shi sai ya ce, "Ai ni wucewa zan yi." Jakar tafiyarsa tana rataye a shago, gizo-gizo ya yi mata rufi.

Sai Mai Jiran Kaya. Ka bi shi bashin jaka goma na sefa, ya dafa kafaɗarka: "Yaya, motar tana hanyar Duwala, yanayi ne kawai." Damina uku ke nan motar ba ta iso ba.

Ga Ɗan Acaɓa Mai "Ga Ni Nan". A Sifaniyanci ser listo wayo ne, estar listo shiri. Shi na farkon ya ɗauka. Kana jin ƙarar cokali cikin kofin shayi ta waya, yana rantsuwa ya kusa kwanar gidanku.

Sai Attajirin Ranar Idi: shadda ta aro, turare na aro, hula ta surukinsa. Da la'asar ya mayar da arziki ga masu shi. Ser rico mai kuɗi ne, estar rico kuwa abinci mai daɗi. A layinsa balangun mai nama kaɗai ya cancanci kalmar.

Na ƙarshe Majinyacin Ranar Karo-karo. Da an fito da faranti a bikin suna, zazzaɓi ya kama shi. Estar malo rashin lafiya ne, ser malo mugun hali. Likita dai ba ya da maganin na biyun.

Mai karatu, in yanayin mutum ya shekara goma bai sauya ba, daina yi masa uzuri. Halinsa ne.