Tsofaffin da Ke Zagaye Ostireliya a Kan Babur

A Ostireliya, idan mutum ya ajiye aiki ya karɓi kuɗin sallama, ba kowa ne ke sayen tabarma ya nemi inuwa ba. Akwai waɗanda ke sayen babur su kama titin da ake kira Highway 1, wanda ya kewaye ƙasar kusan kilomita 14,500, yawancinsa ba nesa da gaɓar teku ba. Suna da ƙungiya ma, Ulysses Club, wadda Stephen Dearnley ya kafa a 1983, kuma ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 40 ba. Kowannensu zai ce maka teku ya fito gani. Sai dai hali zanen dutse ne. Ritaya ta raba su da ofis, amma kowa ya ɗauro tsohon aikinsa a bayan babur.

Tsohon akanta shi ne ya fi saurin tona kansa. Yana da littafi a aljihun rigar fata, duk gidan man da aka tsaya sai ya rubuta lita nawa ya sha, nawa ya biya, kilomita nawa ya ci. Shi ya yanke shawarar a fara da arewa, a gangara yamma, sannan a ratsa filin Nullarbor ana fuskantar gabas, wai don iskar yamma ta riƙa tura su ta baya a samu rarar mai. A tsakanin Balladonia da Caiguna akwai miƙaƙƙen titi na kilomita 146.6 babu kwana ko ɗaya. Sauran suna yaƙi da gyangyaɗi, shi kuwa idonsa na kan mita, yana jira ya kama hukuma da ƙarya. Da aka iso Great Ocean Road, titin da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya suka sassaƙa tsakanin 1919 da 1932, aka tsaya kallon duwatsun cikin ruwa da ake kira Manzanni Goma Sha Biyu. Jama'a na ɗaukar hoto, shi yana ƙirge. Ba su kai ba, ɗaya ma ya rushe a 2005, kuma har aka kwanta bai daina neman wanda zai kai wa ƙorafi ba.

Sai tsohon manaja, mai Honda Gold Wing. Wannan falo ne aka sa wa taya biyu: silinda shida, kujera mai ɗumama mazauni, rediyo, har da ribas, domin nauyinsa ya haura kilo 350. A kan titi babu mai kama ƙafarsa. Matsalar tana wurin tsayawa. Ranar da takalminsa ya zame a kan tsakuwa babur ya kwanta, gwiwar da likita ya sauya masa ba ta ba shi izinin sunkuyawa ba. Sai ya koma gefe, ya sa hannu a ƙugu, ya shiga ba mutum huɗu umarnin yadda za su ɗaga, kuma da suka gama ya gaya musu inda ya kamata su gyara a gaba.

Tsohon hedimasta babu wanda ya naɗa shi jagoran ayari, da kansa ya ga gurbin. Ƙarfe shida na safe yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Kafin a tashi sai ya tara dattawa masu jikoki ya yi musu asambule: kada a yi tuƙi da almuru, lokacin ne kangaru ke tsallaka titi, kada a yi gangancin wuce dogayen tirelolin nan masu jan wutsiya uku, wasu sun kai mita 53, ba tare da an hango gaba sosai ba, a arewa, ko zafi zai kashe mutum kada ya tsoma ƙafa a kogi, akwai kada, kuma a bar Darwin kafin damina ta sauka a Nuwamba. Abin haushin shi ne duk gaskiya yake faɗa, shi ya sa ba a iya tsige shi.

Akwai kuma wanda ya sayi komai: BMW, akwatunan alminiyam, tanti, taswira ta cika bango. Kowace shekara baɗi zai tafi. Babur ɗinsa ya fi na kowa tsabta.

Ni dai wanda nake so shi ne marowacin. Ya zo a kan Honda CT110, ƙaramin jan babur ɗin da masu rabon wasiƙa suka daɗe suna hawa a ƙasar, ya ɗaure jarkar mai da tukunya da igiya. Ba ya kwana a otal, ba ya cin abincin gidan mai, kuma idan ya iso masauki bayan kowa ya yi wanka, sai ya zagaya yana tambayar kuɗin tayar kowa yana girgiza kai. A Ceduna akwai shingen da ake karɓe 'ya'yan itatuwa daga matafiya don kada a shigo da ƙwarin gona. Kowa ya miƙa nasa ya wuce. Shi sai ya kafe babur a gaban jami'i, ya zauna ya cinye tuffa da lemun da ya yi guzuri ɗaya bayan ɗaya. Daga nan zuwa gari na gaba ayarin ya tsaya dominsa fiye da yadda hedimasta ya tsara.

Da dare, a masaukin hanya, duk waɗannan sukan zama mutum guda. Ana fara hira da inji da taya, kafin shayi ya huce an koma hawan jini, ciwon baya, da wanda likitansa ya fi iya aiki. Wani zai tuna cewa an ware wasu sassan titin Eyre, wanda ya ratsa filin Nullarbor, domin jirgin likitocin Royal Flying Doctor Service ya sauka idan ta ɓaci, sai a ga fuskoki sun saki.

Teku fa? Wadda ta gan shi ita ce uwargida da ke kujerar baya. Maigida ya yi wata da watanni yana kallon farin layi da bayan tirela, ita kuma ta ga tsaunukan Bunda sun yanke tsaye cikin ruwa, ta ga manyan kifayen wel da ke zuwa haihuwa a Head of Bight lokacin sanyi. A hannunta kuɗi da magani da makullin ɗaki suke. Cikin hular kwanonsu akwai na'urar magana, wadda maigida ya saya da tsada don ya riƙa yi mata bayanin hanya, kuma tun daga Perth ta gano inda ake kashe ta. Idan sun dawo gida shi ke ba baƙi labarin tafiyar, ita tana gyara masa sunayen garuruwa. Wasu matan, bayan zagaye ɗaya, sukan je su yi lasisi su sayi nasu babur, sai ka ji maigida yana faɗa wa hedimasta cewa shi ya ba ta shawara.