Ɗan Ƙofar Ruwa a Tsakiyar Ruwa

Shekara 26 ke nan ina sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma sunan kasuwar nan shi ne iyakar dangantakata da ruwa. Ko a Tiga ban taɓa tsoma ƙafa ba. In yara suka matsa sai an kai su, a mota nake zama in ce ina gadin takalma. Sai ga jirgin ruwa ya faɗo hannuna ba tare da na nema ba. Wani abokin cinikina na Fatakwal ya riƙe mini kuɗi shekara uku, ranar da na ɗaga masa murya ya ce kuɗi dai babu, amma akwai jirgi. Na faiba ne, fari fat, tsawonsa ƙafa 19, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 115 a rataye a bayansa. Na ce da babu gara ba daɗi, a ɗoro shi.

Wata biyar ya yi a ƙofar gidana cikin tamfol. Awaki suka mai da ƙarƙashinsa ɗakin kwana, maƙwabta kuma duk wanda ya wuce sai ya tambaye ni ko na ji labarin ɗufana na tafe ne ban gaya wa kowa ba. Uwargida ce ta gaji. Ita 'yar Yawuri ce, ta ce a kai shi garinsu wurin yayanta, can ne jirgi yake da mutunci. Muka ja shi ta Kwantagora, ramukan hanya suka fara koya masa tsalle tun bai ga ruwa ba.

Wanda bai taɓa zuwa Yawuri ba zai ɗauka kogi ne irin namu da ake tsallakewa da wando a naɗe. Ba haka ba ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 Neja ta taru a bayanta ta zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ta haɗiye gonaki da tsibirai da tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806. Wani tsohon matuƙin kwalekwale, wanda kowa a bakin ruwa Baba yake ce masa, shi ya ba ni labarin Baturen tun ranar farko. Yana bayarwa yana kallon takalmina sau-ciki. A lokacin ban gane dalilin ba.

Jirgin yana da gudu, wannan ba gardama. Halinsa ne ba shi da kyau. Da na taka wuta sai gindinsa ya nutse, goshinsa ya ɗaga sama kamar dokin da ya ji tambari ranar hawan daushe, ban ganin komai a gabana sai sararin samaniya. Can idan ya ga dama ya kwanta a kan ruwa, ya yi gudu na hankali kamar minti ɗaya, sai ya shiga sallama: goshi ya tashi, ya faɗo tim, ya tashi, ya faɗo tim, har haƙoranka su riƙa gaisawa da juna. Ga shi kullum a karkace yake zuwa hagu, wai juyin farfela ne ke jawo hakan.

Baba ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Wanga jirgi gindi ya yi mai nauyi. Inji baya, batir baya, mai baya, kai ma baya. Aza buhun yashi biyu gaba, ka huta."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, jirgin da ya fito daga Fatakwal ba za a yi masa maganin amalanke ba."

Ya ce to. Irin "to" ɗin nan ne da dattawa ke yi in sun riga sun ga ƙarshen magana.

Babban ɗana ne ya tono mini maganin a intanet. Wasu faranti biyu ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, Turawa na ce musu tirim tab, ana ɗaura su a ƙasan bangon bayan jirgi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne a kan hinji kamar ƙyauren taga. Kowane faranti da ɗan hannun lantarki mai tura shi ƙasa ko janye shi sama, maɓallansu kuma suna kusa da sitiyari. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. In mota na gudu ka fitar da tafin hannunka ta taga ka ɗan karkata shi, za ka ji iska ta ɗaga shi. Haka ruwa ke yi wa farantin nan: ka sauke shi, ruwan da ke wucewa ƙarƙashin jirgi ya doke shi, gindi ya ɗaga, goshi ya sauka. Ka sauke biyun tare, jirgi ya daina sallama. Ka sauke guda, ya gyara karkata. Na ji bayanin nan na ce ai wannan ko yaron shagona zai ɗaura. Na aika kuɗin da za su sayi ɗan maraƙi, bayan wata biyu kwali ya iso.

A watan Janairu na koma Yawuri da kwalin, da injin huda, da ƙaramin janareta. Lokacin hunturu ne, amma ruwa a cike yake, domin a nan Neja sau biyu take kawo ruwa: na damina, da wani baƙin ruwa da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa Mali, sai cikin sanyi yake isowa. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san irin ruwan da ake magana a kai. Ruwan randa da asuba bai kama ƙafarsa ba.

Muka jawo jirgi kan tudu. Kafin in tayar da janareta mutane sun kai talatin: masunta, masu dako, mata masu ƙyafa kifi, yara da ba a san iyayensu ba. Na shimfiɗa takardar bayani a ƙasa na danne da dutse. Ta ce hinjin ya zauna kwatan inci sama da ƙasan jirgi, kada ya yi daidai da shi. Ta ce in farantin ya janye, bakinsa na baya ya ɗan kalli sama, kada ya riƙa jan ruwa a banza. Ta ce a nisanta shi da inji, a matsa da shi gefe, domin can ne yake da ƙarfin gyara karkata. Duk na bi, da tef da fensir a kunne kamar kafinta. Sannan na ɗora bakin injin huda a jikin jirgin.

Wurin ya yi tsit. Baba ya taso daga kan turmin da yake zaune.

"Bakano, mi za ka yi?"

"Huda zan yi, Baba."

"Nan ƙasa? Inda ruwa ka kwana?"

"Haka takarda ta ce."

Ya juya wajen jama'a ya ce shekara sittin yana toshe ramin jirgi da tsumma da kwalta, yau Allah Ya nuna masa wanda ya biya kuɗi don ya yi rami. Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na huda, rami 22, biyu daga ciki ba inda ya kamata ba, saboda wani yaro ya taɓa mini gwiwar hannu, ko kuma dai na ce wani yaro ne. Na cusa wa kowane rami gam ɗin ruwa da ya zo cikin kwalin kafin in ɗaure sukuru, domin in ruwa ya sami hanya zuwa katakon da ke cikin bangon, a hankali zai ruɓar da shi ba ka sani ba. A wannan kam ban yi ha'inci ba. Aikin ya yi kyau, faranti suna ƙyalli, yara suka sa musu suna kunnuwan jaki.

Saura wayoyi. A nan ne shekara 26 na Ƙofar Ruwa suka yi mini illa. Zanen da ke takardar ya nuna wayar maɓallin dama ta tsallaka zuwa farantin hagu, ta maɓallin hagu ta tafi farantin dama. Na duba sau uku. Ni da na sayar da wayar sigina ta fi dubu, ban taɓa ganin inda ka kunna dama hagu ta kama ba. Na ce wa ɗana, "Ka gani ko? Su ma suna kuskure. Wanda ya buga takardar nan barci yake ji." Na miƙe wayoyin, dama ta tafi dama, hagu ta tafi hagu, na naɗe da salatif, har ina tunanin in sa yaron ya rubuta wa kamfanin ya sanar da su.

Abin da ban tsaya na karanta ba yana shafi na gaba. Maɓallan ba faranti suke nufi ba, goshin jirgi suke nufi. In ka sauke farantin hagu, gindin hagu ne ke ɗagawa, goshin dama kuma ya sauka, kamar tebur mai ƙafa huɗu da aka ɗaga masa kusurwa guda. Saboda haka aka tsallaka wayoyin da gangan, don direba ya huta da lissafi: gefen da ya yi sama, shi za ka danna ya sauka. Wannan jimla ta ƙarshe kaɗai na haddace, ita ma daga bakin ɗana.

Ranar gwaji yayan uwargida ya ce da shi za a je. Mutum ne mai jiki, Allah Ya yi masa rufin asiri kuma ya nuna a gabansa. Ya zo da babbar riga ta shadda da hula zanna bukar sabuwa, domin daga nan ɗaurin aure zai wuce. Baba ya hana mu tashi sai kowa ya sa rigar ruwa. Ta Yaya ba ta rufu ba, sai da aka ƙara da igiya. Ya zauna a hagu, jirgi ya amsa sallamarsa.

Na taka wuta, na danna maɓallan biyu tare. Wallahi abin ya yi aiki. Goshi bai ɗaga ba, jirgi ya hau kan ruwa sumul kamar an shimfiɗa masa kwalta, babu tim babu tam. Na waiwaya bakin ruwa don Baba ya gani. Na ƙara wuta. Allura ta wuce kilomita 50.

"Alhaji, kamar fa mun karkata wajena," in ji Yaya.

"Kada ku damu, Yaya, abin da aka sayo shi domin shi ke nan."

Hagu ta yi ƙasa, dama ta yi sama, saboda haka na danna dama. Ana son a ɗan taɓa ne, rabin daƙiƙa, a jira jirgi ya amsa. Ni na danna kamar mai ƙararrawar gidan da ake binsa bashi. Farantin dama ya sauka, ya ƙara ɗaga gefen da da ma can yake sama. Jirgi ya ƙara kwantawa hagu. Na ce bai ji ba ne, na ƙara dannawa, wannan karon ban ɗaga yatsa ba.

"Alhaji! Ruwa na taɓa mini hannun riga!"

"Yanzu zai gyaru!"

Bai gyaru ba. Goshin hagu ya caki ruwa, kuma jirgi mai gudu in goshinsa ya caki ruwa ba ya sauraron sitiyari, goshin ne ke zama direba. Ya yi wata irin juyawa kamar akuyar da igiyarta ta ƙare tana tsakiyar gudu. Na faɗa kan maƙurar wuta, igiyar kashe inji da Baba ya ɗaura mini a wuyan hannu ta fizge, inji ya mutu. Da na ɗago, kujerar hagu babu kowa, jirgi kuma ya daidaita tsaf, karon farko tun da na san shi.

Yaya yana can kamar taku ashirin, babbar riga ta baje a kan ruwa kamar laimar kasuwa, shi yana tsakiya, yana salati da ƙarfi yana haɗawa da sunana. Na ɗauki filafili in je gare shi, jirgi ya riƙa zagaya wuri guda, domin tuƙi ma ashe sai an koya. Wasu yara biyu masu jefa birgi, babbansu bai fi shekara goma sha biyu ba, su suka iso da ɗan kwalekwalensu. Sun kasa ɗaga shi, sai suka ce ya riƙe gefe, suka ja shi har gaɓa kamar sun kamo giwan ruwa. Ni kuma Baba ya zo da kansa ya ɗaure jirgina a bayan nasa. Duk tsawon hanyar bai ce uffan ba, sai da muka kusa tudu.

"Takarda ta ce a jefa surukinka?"

Da daddare, Yaya na lulluɓe da bargo biyu a gaban kasko, ɗana ya karanta mini shafi na gaba da ƙarfi a tsakar gida, a gaban uwarsa, yana fassarawa kalma kalma, har da inda aka ja layi. Uwargida ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi gyaran gangar Auzinawa ma ai ganga ake ɓatawa, ba suruki ba.

Washegari na warware salatif na mai da wayoyin yadda mai barcin nan ya zana su. Minti goma ya ɗauke ni. Tun daga ranar faranti suna aiki yadda aka ce: ka taɓa kaɗan, ka jira, jirgi ya miƙe. Na koyi janye su in iska ta taso igiyar ruwa na bin mu ta baya, da lokacin da za a jawo jirgi tudu. Sai dai duk ranar da na zo zan tarar da buhun yashi biyu a gaba, an jera su da kyau. Na sauke sau uku, ana mayarwa, na haƙura.

Yaya ya yafe mini bayan na ɗinka masa sabuwar shadda na saya masa wata wayar hannu. Hular ce bai yafe ba. A Sallar da ta wuce mun je kasuwa sayen busasshen kifi, sai ya tsaya cak ya damƙe mini hannu. Wani masunci ne zaune a bayan tarin ragon ruwa, da zanna bukar a kansa, ta ɗan koɗe amma aikin nan nata yana nan. Yaya ya tambaye shi inda ya samo ta. Mutumin ya ce a cikin taru ta fito, ranar da wani Bakano ya zubar da fasinja, kuma in muna so mu ji labarin mu zauna, don shi a gabansa aka yi.