In za ka Kornaka ganin dangi

Ɗan'uwa na Kano, tunda ka ce bana sai ka taka garin kakanninka, zauna in ba ka guzuri. Hanyar dai ba ta ɓata mutum: Katsina, Jibiya, ka ƙetare iyaka ta Ɗan Isa ka faɗa Maraɗi, sannan ka shiga motar Dakoro ka ce a sauke ka Kornaka. Ka riƙe takardunka kusa, jandarma ba ya karɓar "ai ni ɗan gida ne".

Tun a Maraɗi ka canja nairarka zuwa sefa, kuma ka koyi ƙirge kafin yaran tasha su koya maka. Nan da dala ake lissafi, kowace dala faran 5 ce. In mai shayi ya ce dala ashirin, faran 100 yake nufi. Jikka kuwa faran 1,000 ce, ba naira 200 ta Sabon Gari ba. Taubashiyarka za ta tare ka da neman jikka biyu, to ka san abin da kake amsawa kafin ka ce "ba komai".

Tsarabarka goro, sukari, shayi, sabulu da turmin atamfa na Gwaggo. Kada ka raba da hannunka. Ka miƙa wa babban gida, shi ya san wanda zai yi fushi in an tsallake shi.

Sai gaisuwa, wadda ita ce aikin da ya kai ka. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka manta da agogo. Za a tambaye ka gajiya, gida, yara, aiki, ruwa, da mutanen Kano kaf, har waɗanda ba ka taɓa gani ba, kai dai ka ce suna gaishe ku. Kaka za ta kira ka mijinta, ta ce ka rame, matar birni ba ta iya tuwo ba. Ka rama, ka ce ka zo sakinta ne. In ka yi shiru da tsokanarta, sai ta kwana tana tunanin birni ya cinye mata jika. Kowane gida ƙwaryar hura na jiranka, ta gero da nonon da aka tatsa a rugar da ke bayan gari, kuma gidajen sun fi goma. Ka kurɓa kaɗan kaɗan, don wanda ya cika cikinsa a gidan Kawu zai ji kunya a gidan Baffa.

Da safe ka kakkaɓe takalminka saboda kunama. Ka bi samari rijiya ka ga yadda shanu ke jan igiyar guga, su yi nisa kafin ruwa ya hau, daga ranar ba za ka ƙara wanka da bokiti biyu ba. Ka hau amalanke ka gangara Gulbin Kaba, inda goriba ke ba mata kabar saƙa tabarma da igiya. Wayarka kuwa ka kai wa mai caji da hasken rana, ka bar ta can har la'asar.

Ranar komawa za a ɗora maka wake, gero, man shanu, wataƙila da zabuwa ɗaure da ƙafa. Kada ka ce kaya sun yi yawa. Daga rumbun da za a ci har kaka aka ɗebo, kuma mayar da shi ya fi zagi ciwo.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai Maris na 2024 aka buɗe, kuma a tsakanin nan tsofaffi da yawa sun tafi suna tambayar 'ya'yansu na Najeriya. Ka zo bana, ka taho da yaranka, kuma ka yi mako guda cur.