Yadda Ake Ladabtar da Ƙanƙara a Gida

Duk gidan da aka sayo injin ƙanƙara, ba a rufa mako mutanen gidan sun rabu jam'iyya biyu. Akwai 'yan tauri, masu son ƙanƙarar da za a jefa cikin zoɓo da la'asar a tarar da ita da ranta bayan isha'i. Akwai 'yan taushi, masu son wadda za su tauna ƙurus-ƙurus kamar aya. Maigida ɗan tauri ne, don shi ke biyan kuɗin wuta. Yara da Hajiya Kaka, wadda haƙoranta suka yi ritaya, su ne 'yan adawa. Ga shawarwari, ko a samu zaman lafiya.

Na farko, ka san abin da ka sayo. Ɗan injin nan da ake ɗorawa kan tebur ba firiza ba ne, ko da mai shago ya rantse. A cikinsa akwai 'yan yatsun ƙarfe, galibi tara, da ke tsoma kai cikin ruwa. Gas ya sanyaya su, ruwa ya daskare a jikinsu, bayan kamar minti goma injin ya ɗan ɗumama su, ƙanƙara ta suɓuce ta faɗa kwando, kowace da rami kamar hular 'yar tsana. Wannan jaririya ce, jiƙe take sharkaf, sanyinta bai wuce digiri 0 da nisa ba. Tura ta yaƙi da zafin Afrilu zalunci ne.

Na biyu, maɓalli. Wanda aka rubuta wa S na ƙanana ne, mai L na manya, kuma abin da L ke yi kawai shi ne ƙara wa yatsun lokaci cikin ruwa don ƙanƙarar ta yi kauri. Danna shi sau goma cikin fushi ba ya ƙara komai. Marin murfin ma haka, ko da yake dabarar ta yi wa rediyon kakanninmu aiki.

Na uku, kada ka bar ta a kwando. Kwandon ba ya sanyi. Tana narkewa, ruwan ya koma tanki, injin ya sake daskarar da shi, a wuni ana aikin baban giwa. Mai son tauri ya kwashe ta ya kai firiza, inda sanyi ke kai digiri 18 ƙasa da sifili, domin gwargwadon sanyin ƙanƙara gwargwadon taurinta. Amma a tsane ta, a baza a faranti ta bushe, sannan a zuba a leda. Ni na taɓa ɗure ta a jiƙe. Da baƙi suka zo na ɗauko, sai na ga duk ta haɗe ta zama curi guda kamar kan ɗan maraƙi. Ina cikin buga ledar da bango maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, gini aka fara ba a gaya mana ba?"

Na huɗu, masauki. Injin yana kwashe zafin ruwa ne ya fitar ta fankar gefensa, saboda haka ka bar masa sararin taƙi guda daga bango. Yawancin masu ƙera shi sun fi so ɗakin ya tsaya ƙasa da digiri 32. Da alama ba su taɓa yin bazara a Sakkwato ko Maiduguri ba, inda ake haura 40. In ka ajiye shi kusa da murhu, abin da zai ba ka farau-farau ne. Nemo masa inuwa, ka ba shi ruwan randa mai sanyi, zubin farko kuma in ya fito sirara ka yafe masa, ko ɗan kokawa sai ya motsa jini.

Na biyar, ruwa. Farin hazon nan da ke tsakiyar ƙanƙara iska ce da gishirin ruwa da sanyi ya ritsa, kuma su ke sa ta saurin tsagewa. Tafasa ruwan ka bari ya huce, hazon zai ragu. In kana son wadda ta yi garau kamar gilashi, cika ƙaramar kula da ruwa, ka sa ta a firiza ba murfi. Sanyi zai riƙa sauka daga sama yana kora iskar ƙasa. Bayan kwana guda ka fitar, ka yar da na gindin. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, har ya daskarar da shi ma. Ruwan burtsatse mai barin farin gishiri a jikin buta zai bar shi a yatsun injin, sai a riƙa wankewa da ruwan lemon tsami ko khal. Sanyi kuwa ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su yake yi, su farka a cikinka. Kwalbar da za a sa a firiza ma kada a cika ta taf, don ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100.

Na shida, haƙƙin 'yan taushi. Sukari na hana ruwa daskarewa gam, shi ya sa ƙanƙarar zoɓo ta leda ke taunuwa. Wannan ba izini ba ne na zuba zoɓo cikin injin. Famfonsa zai toshe, kiyashi su aiko da godiya. Akwai wani injin da Amurkawa ke so, mai kankare ɓarɓashin ƙanƙara ya dunƙule shi 'yan ƙwallaye masu taushi, sai dai kuɗinsa ba taushi. Mu talakawa, tsumma mai tsabta da muciya sun wadatar, a naɗe ƙanƙarar a farfasa. Wanda kuma ba ya iya wuni bai tauna ƙanƙara ba, ya je a auna jininsa, don likitoci na danganta wannan kwaɗayi da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki.

Na bakwai, duk wannan lissafin da sharaɗin an kawo wuta ne. In an ɗauke, 'yan tauri da 'yan taushi sun zama jam'iyya guda, ta masu shan ruwan ɗumi. Nan za ka gane ilimin mai ƙanƙara na bakin titi, da manyan curinsa a naɗe cikin buhu: babban curi ya fi daɗewa, don kaɗan daga jikinsa ne iska ke taɓawa. Tun kafin azumi ya kama ka riƙa gaishe shi, kana tambayar iyalinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.